Babur Mai Ƙin Tashi Ranar Alhamis

Duk wanda zai rubuta tarihin ilimin boko a ƙasar Zuru, in bai ware babi guda ya yi wa ƙafar dama ta mai duba makarantu ba, to ya ci amanar tarihi. Ana yabon masu tsara manhaja, ana yabon masu gina azuzuwa, amma a iya sanina babu manhajar da ta taɓa hawa dutse da kanta. Ƙafar nan ce ke buga kik da safe, babur ya tashi, sannan ilimi ya kama hanya. Ranar da ta gaza kuwa, a gari ilimi yake wuni.

Ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da Sakataren Ilimi ya aiko masinja ya kira ni a kan maganar babur ba. Amma ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, bari in fara shimfiɗa muku yadda abubuwa suke, don kada ku ɗauka hirar kanikanci ce kawai.

Lokacin ina sufeton makarantu mai daraja ta biyu. Sama da ni akwai babban sufeto, sama da shi akwai Sakatare, wanda sa hannunsa ne ke raya makaranta ko ya kashe ta. Rabona shi ne makarantun kan tudu, waɗanda in ka bar kwalta ta wajen hanyar Ribah sai ka yi ta hawa har kunnenka ya toshe. Wata ƙungiyar agaji ta ba ofishinmu baburan daji don irin wannan hanya: dogaye kamar raƙuma, tayoyinsu da ƙuraje irin na bayan kada, ba sitata, sai kik. Aka ba ni ɗaya.

Cikin makarantuna akwai ta Tungar Saje. Iyaye ne suka gina ta da hannunsu, ɗaki biyu na laka da rufin kwano, malama guda, Malama Rifkatu, ita ce shugaba ita ce mai kaɗa ƙararrawa. Ƙa'ida ta ce makarantar da jama'a suka kafa sai ta yi shekarar gwaji, sufeto na zuwa mata kowane mako ba fashi, kafin hukuma ta karɓe ta ta turo malamai. In ziyara ta yanke, gwaji ya rushe, sai a haɗe yaran da makaranta mafi kusa. Mafi kusa da Tungar Saje tana ƙetaren rafi, rafin kuwa da damina ko ƙato ba ya shigarsa da wasa. Wato dai haɗewa a takarda take haɗewa. A ƙasa, komawa gona ce.

Laraba ce ranar Tungar Saje. Kuma duk Alhamis da safe babur ɗina sai ya ƙi tashi. In buga, in buga, har gumi ya jiƙa rigar da matata ta goge, maƙwabta su fito da kofin kunu a hannu suna ba ni shawara. Wani sa'in ya yi tari sau ɗaya kamar tsoho mai jin kunyar baƙi, ya yi shiru. Wani sa'in kik ɗin ya dawo ya daki ƙaurina, har yau tabon na nan, wanda ke so ya gani ya same ni bayan taro. Sai in tura shi garejin Bitrus, ya wanke fulogi, ya zubar da man da ke cikin kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska, ya tashi da ƙyar. Juma'a yana gunaguni, Litinin ya warware, Talata sai ka rantse sabo ne. Laraba mu hau dutse. Alhamis a koma gidan jiya. Makarantun da ke da ranar Alhamis kuwa suka daina ganina.

Sakatare mutumin ƙasar Kabi ne, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana. Na shiga na gaishe shi, bai ce in zauna ba.

"Malam Tanko, wanga babur naka, mi yake so da mu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana bincike."

"An daɗe ana bincike. Ni ban yi karatun inji ba, amma na iya lissafi. Ka hau Tungar Saje, babur shi mutu. Ka hau, shi mutu. Hanyar ce ba ta son shi. Makaranta guda ba ta cinye mini ziyarar sauran. Laraba mai zuwa ka tafi. In ka dawo ka aje shi nan wurin maigadi. Alhamis da safe ka tashe shi gabana. In ya ƙi, na cire Tungar Saje daga zagayenka."

Na buɗe baki zan yi bayanin rafi, ya ce ya san rafin, ya taɓa rasa takalmi a cikinsa. Ya jawo wani fayil, alamar an sallame ni.

Daga nan garejin Bitrus na nufa, ina tura babur a rana. Bitrus bakanike ne na ƙwarai, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya yi imani cewa duk ciwon inji yana can ciki, kuma sai an farke. Na gaya masa abin da ake ciki. Ya tashi babur ɗin bayan wahala, ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon salansa.

"Oga Sufeto, ka ga hayaƙin nan shuɗi? Ringi ne. Ringin fistin ya cinye, baƙin mai yana hawa sama yana jiƙa fulogi. Mu sauke inji."

Na ce, "Injiniya, in ka sauke injin nan, yaushe zai koma?"

"In an samu kaya a Kontagora, mako biyu. In ba a samu ba, sai yadda Allah ya yi."

"To ni zuwa Laraba nake da shi. Kuma ina da tambaya. Ringin da ya cinye ranar Alhamis, wa yake ɗinke shi ranar Talata?"

Ya yi dariya ya ce wannan tambayar 'yan makaranta ce. Na ce ai ɗan makaranta ne a gabansa. Muka yi yarjejeniya: ba za a kwance ko ƙusa ɗaya ta cikin inji ba sai mun bi komai daga waje, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a taɓa abu biyu a lokaci guda, don in ya gyaru mu san wanda ya gyara shi. Haka nake koya wa yara gwaji a darasin kimiyya tun ina malamin aji, ban ga dalilin da zai sa ƙarfe ya fi ƙarfin wannan doka ba.

Ga wanda bai sani ba, injin irin wannan babur taku huɗu yake yi kafin ya ba da ƙarfi sau ɗaya: ya shaƙi fetur da iska, ya matse su, wuta ta kama su fashe, ya fitar da hayaƙi. Don haka in ya ƙi tashi, ɗayan huɗu ne ya yi ƙaranci ko ya ɓaci: iska, matsi, wuta, ko mai. Shi ma bugun kik ɗinsa da ladabinsa. Ba irin na ƙananan mashina ba ne da ake yi wa shuri ana murza totur. Takawa ake yi a hankali har a ji ya cije, a ja ɗan hannun sassauta matsi a wuce wurin kaɗan, a saki, a bar kik ya dawo sama, sannan a sauke nauyin jiki gaba ɗaya har ƙasa, hannu bai taɓa totur ba. Bitrus ya sa na yi a gabansa don ya tabbata ba ni ne ciwon ba. Ya ce, "Ka ci jarrabawa, amma ba da yabo ba."

Muka fara da iska. Ya ciro soson tace iska, ya wanke, ya shanya, ya shafa masa mai daidai. Babu wani abin kirki a ciki sai ƙwaro ɗaya da ya riga mu gidan gaskiya. Sai matsi. Na hau kan kik na tsaya da nauyina duka, ni kuwa ba ƙaramin mutum ba ne, kik ya riƙe ni kamar matakala. Injin da ringinsa ya cinye ba ya riƙe mutum haka. Muka zaro sandar auna baƙin mai, yana nan inda Bitrus ya bar shi tun juyen da ya wuce, bai ragu ba.

Na ce, "Injiniya, inji yana ƙona baƙin mai, amma nasa bai ragu ba. Na wa yake ƙonawa?"

Ya ce, "Oga, ka bari in yi tunani, ka cika surutu."

Asabar da safe, inji na sanyi, ya buɗe murfin bawul ya auna tazararsu da siririn ƙarfen awo, domin bawul in ya matse yakan hana babur tashi da safe. Na shigar iska ya ɗan matse, ya gyara shi, amma shi kansa ya ce bai kai ya kwantar da babur ba. Sai wuta. Ya jingina fulogi a jikin inji, na buga kik, tartsatsi shuɗi ya yi tsalle ƙal. Wuta lafiya lau. Fulogin da muka cire ranar Alhamis kuwa baƙi ne ƙirin, da danshi, kamar an tsoma shi a miyar kuka. Da ya kwance kafireto ya ɗaga ƙaramin jet, wanda ke ba inji mai lokacin tashi, ya duba shi a rana, ramin ya kusa toshewa da wani baƙin dauɗa mai yauƙi.

Saura mai ke nan. Bitrus ya ce 'yan bumburutu ne suka cuce ni. Na ce ban taɓa sayen man kwalba ba, a gidan mai ɗaya nake sha, kuma a nan babban sufeto yake sha, nasa babur ɗin lafiya ƙalau. Muna cikin wannan musu ne ya kwance tiyo zai juye tanki a galan. Mai ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, galan ya kusa cika.

Ya ɗago kai. "Yaushe ka sha mai?"

"Talata da yamma."

"Ka hau Tungar Saje ka sauko da shi?"

"Ƙwarai."

"To ko dai babur ɗinka waliyyi ne, ko kuwa wani yana ƙara masa."

Gaskiya na daɗe da lura cewa babur ɗin ba ya shan mai ranar Laraba, har na yabe shi a gaban abokan aiki, na ce gangara ce ke taimakonsa. Na yago farar takarda daga jakata na raba biyu. A ɗaya na ɗiga man galan ɗin nan, a ɗaya na ɗiga wanda Bitrus ya tsotso daga mashin ɗin wani mai kabu-kabu da ke jiran gyaran birki. Muka ajiye a rana. Tsantsar fetur tashi yake yi ya bar takarda fes. Na mai kabu-kabu ya tashi. Nawa ya bar tabo mai maiƙo, irin wanda ƙosai ke bari a jarida, da ɗan baƙi-baƙi a gefensa. Bitrus ya murza man a yatsa, ya sansana.

"Wannan haɗin janareta ne. Kuma wanda ya haɗa shi ba ya tsoron Allah, da tsohon baƙin mai ya haɗa."

Murfin tankin baburan nan murɗawa ake yi, ba shi da makulli. Wuri ɗaya kuma nake barin babur ɗin ba idona a kai: ƙarƙashin rumfar wani dattijo, Baba Saje, a bakin Tungar Saje, domin daga nan zuwa makaranta sai a ƙafa, tsakanin duwatsu. Mai kabu-kabun nan, da ba a tambaye shi ba, ya ce ai a bayyane take, wani ne ba ya son makarantar, irin masu cewa boko na raba su da 'yan aikin gona. Bitrus ya ce in tafi da ɗan sanda. Na ce zan tafi da galan na tsantsar fetur, da sabon fulogi, da sifana. Muka wanke tanki da kafireto, muka hura jet har haske ya ratsa shi, muka mayar.

Laraba na isa da wuri. Na jingine babur a rumfa, galan na ɗaure a bayansa cikin buhu, na hau makaranta. Na duba darasin lissafi, na saurari karatun 'yan aji biyu, sannan na ja Malama Rifkatu gefe na gaya mata komai, har da maganar gobe. Ta dafa ƙirji.

"Malam Sufeto, ko wane ne, don Allah kada ka yi hayaniya a ƙofar Baba. Shi ya ba da filin nan. Shi ke bi gona-gona da sanda yana koro yara. Ran da ransa ya ɓaci da makarantar nan, ni da allo za mu rage."

Maimakon in jira tashi kamar kullum, sai na sauko lokacin hutun tara, ta bayan rumbunan dawa. Ina ta shirya kalmomin da zan gaya wa maƙiyin ilimi, kalmomi masu nauyi, wasu ma da Turanci.

Na leƙa. Baba Saje ne da kansa. Tsohon soja ne, ya yi ritaya tun kafin a haifi Malama Rifkatu, garin ma sunansa ya ci. Ya sa tsohuwar hularsa ta soja, ya shimfiɗa tsumma a kan tanki don kada ya ɗiga, ya kafa mazurari, yana tsiyaya mai daga kwalba a hankali, da natsuwar mai ba jariri magani. Ya riga ya goge laka daga tayoyin. Ya goge madubi. Kalmomina masu nauyi suka watse, ban san inda suka shiga ba.

Na yi gyaran murya. Ya juyo, bai firgita ba, sai dai ya ji haushi irin na wanda aka kama yana alheri.

"Ofisa! Wa ya ce ka sauko yanzu? Ba a tashi fareti ba."

Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gida da gona da ƙafarsa mai ciwo. Sannan na ce, "Baba, ashe kai ne kake ciyar da dokina."

"To wa zai ciyar? Ubana, baƙo bai taɓa ɗaure jaki a ƙofarsa ya kwance shi da yunwa ba. Kuma ba a faɗa wa baƙo. In ka faɗa, ya zama ciniki. Kai kana hawo dutsen nan saboda jikokinmu, mu bar mashin ɗinka ya koma bariki ciki wayam? Ba a yi haka ba."

"Wane irin mai ne, Baba?"

Ya ɗaga kwalbar da alfahari. "Haɗina ne. Shi nake ba janareta, shi nake ba tsohon mashin ɗina tun da na saye shi da kuɗin sallama. Nawa murfi ɗaya na baƙin mai nake sa wa kwalba. Naka uku nake sawa, don kai babba ne. Kuma ba na ruwa-ruwan nan na kanti ba. Na injin niƙa, wanda ya yi aiki ya san wahala."

Ban yi dariya ba, kuma ina roƙon a rubuta mini wannan cikin ayyukana na ƙwarai. Na zauna a kan turmi kusa da shi. Na san in na ce man nan guba ne, na kashe makaranta ta wata ƙofar. In na yi shiru, gobe ta mutu ta ƙofar Sakatare. Sai na ce, "Baba, da kuna soja, abincin sojan ƙasa da na sojan sama ɗaya ne?"

"Ina fa! Su 'yan gata ne. Ka ba su garinmu su yi ta gudawa."

"To wannan sojan sama ne. Naka mashin ɗin taku biyu yake yi, ba shi da rumbun baƙin mai, dole a haɗa masa a cikin fetur, kuma haɗinka daidai ne. Wannan taku huɗu yake yi, rumbunsa na nan ƙasa." Na zaro sandar awo na nuna masa. "Nasa yana ɗauke da shi. In an ƙara masa a sama, sai ya shaƙe."

Na ciro tsohon fulogin daga aljihu na miƙa masa. Ya juya shi, ya goga a babban yatsa, ya dubi yatsan. Tsohon soja ne, ya san ƙazamin makami in ya gani. Ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya tambaye ni me babban ofisa ya ce. Nan na yi ta kewaye-kewaye, ya daka mini tsawa in ba shi rahoto kai tsaye. Na ba shi.

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Wato da hannuna na kusa rufe makarantar."

Na ce, "Baba, ba a rufe ba tukuna. Akwai sauran yau."

Ya mayar da hular. Daga nan kuma ni na zama kurtu. "Tashi! Kawo roba. Ina tiyon? Kwance!" Muka juye tanki kaf a cikin bokitinsa, ya ce wannan rabon janareta ne, ba a zubar da abinci. Na kwance ƙusar ƙasan kafireto ragowar ya tsiyaye. Ya sa na ɗauraye tankin da ɗan tsantsar mai, na girgiza babur, na sake juyewa, ya ce a sake, na sake. Ya leƙa ciki da ido ɗaya kamar mai duba bakin bindiga. Da na kwance galan zan zuba, sai na ga yadda yake kallon hannuna. Na miƙa masa.

"Baba, a ƙofarka yake. Kai za ka ba shi."

Ya karɓa, ya wanke mazurari da toka da ruwa, ya shanya shi a rana har ya bushe sarai, sannan ya zuba. Da ya gama ya murɗa murfin, ya ce daga yau duk wanda ya matso kusa da tankin nan, ko ɗansa ne, sai ya yi tsallen kwaɗo daga nan har rafi. Amma fa ba a fita gidansa hannu wofi, tunda doki ya ƙi ci, mai doki zai ci. Haka na sauko dutse da zakara ɗaure a bayan babur yana zagina har cikin gari.

Na tsaya wurin Bitrus, muka sa sabon fulogi, ya sake duba jet, ya tsuguna bayan salansa ya ce hayaƙi ya washe. Na kai babur ofis na damƙa wa maigadi, na tafi gida da zakarana a hammata.

Alhamis da safe na tarar ofis ya cika kamar ranar albashi. Labari ya zaga. Masu buga takardu sun fito, masinja ya samu wuri a kan katanga. Bitrus ya rufe gareji ya zo, ya tsaya daga nesa yana yi kamar wucewa yake. Sakatare ya fito ya tsaya a baranda, hannu a baya.

"Malam Tanko, bisimilla."

Babur ya kwana a waje, raɓa ta sauka a kan sirdi. Na goge. Na buɗe famfon mai, na ja cok, mai taimaka wa inji tashi da sanyin safiya. Na taka kik a hankali har ya cije, na sassauta, na wuce kaɗan, na bari ya dawo sama. Na sauke nauyina.

Ya yi tari, ya yi shiru.

Wani daga cikin masu buga takardu ya ce, "Allah ya ji ƙan Tungar Saje." Aka yi dariya. Sakatare bai yi ba, agogonsa ya duba. Duk jikina yana ce mini in murza totur in yi ta shuri kamar yadda kowa ke yi in ya ruɗe. Na ɗauke hannun dama daga totur ɗin gaba ɗaya na riƙe tsakiyar kan babur. Na sake nemo inda yake cijewa, ban yi sauri ba. Na tuna 'yan aji biyun nan da bakin rafi. Na sauka a kansa da duk abin da na ci tun ina yaro.

Ya kama. Ƙara mai kauri, daidai, ba tari ba hayaƙi. Na mayar da cok, ya zauna yana bugawa shi kaɗai kamar zuciyar mai gaskiya. Bitrus ya manta wucewa yake yi, ya yi ihu, "Na gaya muku ba ringi ba ne!"

Sakatare ya saurari bugun injin. Ya ce, "Mi ya same shi da?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, karamci ne ya yi masa yawa."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba, ya ce in zo in ba shi labari bayan azahar, yanzu makarantun Alhamis na jirana. Ziyarar Tungar Saje ba ta ƙara yankewa ba. A ƙarshen zango na uku Sakatare ya hau dutsen da kansa, a bayana, yana riƙe da rigata yana salati a kowace kwana. Baba Saje ya jera yara ya sa suka sara masa. Aka karɓi makarantar, aka turo wa Malama Rifkatu malamai biyu.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu tasowa, shi ne wannan. In abu ya lalace a hannunku a ƙauye, zuciya za ta fara kawo muku maƙiyi, domin maƙiyi ya fi daɗin labari kuma ba ya bukatar bincike. Ku bi abin daki-daki tukuna, daga waje zuwa ciki, kada ku bari a farke inji saboda hayaƙi. Mutanen da muke yi wa aiki ba safai suke ɓata mana da ƙeta ba. Sau da yawa taimakonmu suke yi, da ma'aunin da suka gada, a ɓoye, don kada mu ji nauyi. Aikin sufeto shi ne ya gano wannan taimako, ya gyara ma'aunin, ba tare da ya fasa kwalbar ba. Wanda ya iya wannan ya iya aikin, kuma abin da ya gyara da haƙuri irin wannan yakan daɗe yana amfanar jama'a.

Babur ɗin dai an sace shi a bakin kasuwa makon da aka dawo daga hutu. Mai facin da abin ya faru a gabansa ya ce bugu ɗaya ɓarawon ya yi masa.